Idan Na'ura Ta Yanke Hukunci, Wa Za A Kai Wa Kuka?

 Sharhinmu na yau ya shafi wani abu da ke cikin aljihun kusan kowa, wasu ma yana hannunsu yanzu haka, suna saurarena da kunne ɗaya suna latsa shi da babban yatsa.

Duk wanda ya buɗe Facebook ko TikTok ko YouTube, abin da ya fara cin karo da shi zaɓar masa aka yi. Cikin dubban abubuwan da aka wallafa tun daren jiya, akwai wani lissafi da ya tace, ya ɗora wannan a sama, ya tura wancan can ƙasa inda ba za ka taɓa isa ba. Masana kwamfuta suna kiran lissafin algoridim. A da mutum ne ke zama ya rubuta masa ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Yanzu, da zuwan abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wato AI, shi ke koya wa kansa daga halayenka. Yana lura da bidiyon da ka tsaya a kansa daƙiƙa uku, da wanda ka wuce ba ka kalla ba, da wanda ka maimaita, da wanda ka tura wa abokinka da ƙarfe ɗayan dare. Bai san kai Malam wane ba ne, bai san kana da mutunci a unguwarku ba. Abin da ya sani shi ne abin da ke hana ka ajiye waya.

Dalili kuwa a fili yake. Waɗannan kamfanoni da talla suke cin abinci, kuma kuɗin talla yana ƙaruwa ne da yawan lokacin da idonka ya ɗauka a kan gilashin wayar. Aikin lissafin nan kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ladansa a kan yawan fasinjan da ya loda yake, ko motar na da birki ko ba ta da shi, ko ta isa Zariya lafiya ko ta kife a Kwanar Dangora, shi dai ya riga ya karɓi nasa.

Wannan ba zargi ba ne daga bakina. A shekarar 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook mai suna Frances Haugen ta fito da dubban takardun cikin gida na kamfanin, ta kuma ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka. Cikin abin da takardun suka nuna, akwai lokacin da kamfanin ke ba alamar yatsa ta "ina so" maki 1, amma alamomin fuska, har da jar fuskar nan ta fushi, maki 5. Ma'ana, rubutun da ya harzuƙa mutane ya fi wanda suka karanta suka gamsu samun tikitin yawo. Ma'aikatan kamfanin da kansu suka gano cewa rubuce-rubucen da suka fi tara alamar fushi su ne suka fi ƙunsar ƙarya da cin zarafi, daga baya aka rage makin har aka mai da shi sifiri. To amma kafin nan 'yan siyasa sun riga sun gane karatun. Takardun sun ambaci wata jam'iyya a ƙasar Polan da ta shaida wa kamfanin cewa a da rabin abin da take wallafawa bayanin manufofinta ne, rabi suka, amma dole ta mai da kashi 80 cikin 100 suka da hari, don shi kaɗai ke tafiya.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san sojojin baka tun kafin wayar hannu ta zo, mun ji su a gidajen rediyon Kano da Kaduna da Katsina suna sayen fili suna yi wa abokan hamayyar iyayen gidansu wankin babban bargo. Sai dai a rediyo, duk tsiya, akwai edita da zai saurari kaset ya ce a yanke wannan wuri. Akwai manaja da ke tsoron a kira shi, akwai hukumar NBC da ke riƙe da lasisin tashar, kuma wanda aka ɓata wa suna ya san ƙofar da zai je ya buga, ya san kotun da zai shigar da ƙara. Da sana'ar ta koma waya sai duk waɗannan suka faɗi. A farkon 2023, gab da babban zaɓe, binciken BBC ya gano cewa jam'iyyu a Najeriya na biyan masu tarin mabiya a asirce don su yaɗa ƙarya a kan abokan takara, wani har naira miliyan 20, wani kuma a yi masa alkawarin muƙami ko kwangila. Yaron da aka saya wa data ya ƙirƙiri magana, lissafin kamfani ya ga tana tada ƙura, ya ɗauke ta kyauta ya kai ta gidaje dubu ɗari. Shi ɗan siyasar da ya biya, ko sunansa ba za ka gani ba.

Inda abin ya wuce ɓatanci ya kai ga jini, mun gani a jihar Filato. A watan Yunin 2018 an yi mummunan kashe-kashe a yankin Gashish da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi, an rasa rayuka da dama, wannan gaskiya ne. Amma a daidai lokacin sai wasu hotuna masu tada hankali suka fara yawo a Facebook, ana cewa ga abin da Fulani ke yi wa Birom. Ɗaya hoton jariri ne da sara a kansa, ɗaya kuma bidiyon wani mutum ne da aka fasa wa kai. Washegari matasa suka tare hanya a kudancin Jos, suna fito da matafiya daga mota, aka kashe mutum 11 waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Da sashen binciken BBC na Afirka ya bi diddigi, sai ya tarar hoton jaririn ya daɗe yana yawo tun watanni kafin rikicin, shi kuwa bidiyon mutumin ba ma a Najeriya aka ɗauke shi ba, daga Kongo Barazabil ya fito, tun 2012. Kada wani ya ji wannan ya ɗauka ɓangare ɗaya ne ke yin haka. A shafukanmu na Hausa ma ana ɗauko gawarwakin wani yaƙi na wata ƙasa a ce 'yan'uwanmu ne aka kashe jiya a Kudu, kuma mu tura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan binciken shi ne wani adadi. A lokacin, 'yan Najeriya miliyan 24 ne ke shiga Facebook duk wata, amma masu tantance labarai na cikakken lokaci da abokan hulɗar kamfanin suka ware wa ƙasar mutum 4 ne, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke jin Hausa. Kamfani ya buɗe kasuwa a harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram, zuwa zangon Kumasi da Sudan, yana karɓar kuɗin talla, amma bai ajiye mai jin abin da ake faɗa a cikinta ba. Takardun Haugen sun nuna cewa ba mu kaɗai aka yi wa haka ba: kashi 87 cikin 100 na abin da kamfanin ya ware don yaƙi da labaran ƙarya a Amurka ya tafi, sauran duniya kaf ta raba kashi 13.

A Miyanma sakamakon ya fi muni. Bayan shekaru ana zuba ƙiyayya a kan Musulmi 'yan Rohingya a Facebook, a 2017 sojoji suka far musu, fiye da mutum dubu 700 suka tsere zuwa Bangaladash. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce dandalin ya taimaka wa masu yaɗa ƙiyayyar, kamfanin ma a 2018 ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba. A Habasha kuma, ɗan wani farfesa da aka harbe a Bahir Dar a 2021, bayan an wallafa hotonsa da unguwar da yake zaune a Facebook, ya kai kamfanin ƙara a kotun Kenya.

Za a ce ai yanzu na'urar ta koyi harsuna, ita za ta riƙa tacewa. Ta koyi wani abu, ba a musu. Amma mai jin Hausa ya san cewa mugun zance a wajenmu ba da ashar ake yin sa ba. Da habaici ake yi, da zambo, da gugar zana, da laƙabin da 'yan gari kaɗai suka san wa ake nufi. Mutum zai iya rubuta jimla mai tsabta, babu kalmar zagi ko ɗaya, amma duk wanda ke garin ya gane cewa an ce a je a ƙona shagon wane. Na'urar da aka horar da Turanci za ta wuce ta ba ta ga komai ba, ta je ta rufe shafin wani bawan Allah da ya yi wa abokin wasansa barkwanci. Su kuwa mutanen da ake ɗauka su yi tacewar da idonsu, an daɗe ana tara su a Nairobi ta hannun ɗan kwangila, har da 'yan Arewa masu duba abin da aka wallafa da Hausa. Suna wuni suna kallon yanka da fyaɗe a kan albashi ƙalilan, kuma a 2023 aka sallame su, fiye da 180 daga cikinsu suka tafi kotu.

Akwai kuma batun Cambridge Analytica, wanda ba zan daɗe a kansa ba don an sha faɗa. A 2018 aka fallasa cewa wannan kamfani na Birtaniya ya samu bayanan mutane har miliyan 87 daga Facebook, abin da ya jawo wa Facebook tarar dala biliyan 5 a Amurka. Jaridar Guardian ta ruwaito cewa a zaɓen Najeriya na 2015 wani attajiri mai goyon bayan Goodluck Jonathan ya ɗauki kamfanin haya, kuma an yaɗa wani bidiyo mai cike da hotunan yanka da ƙona mutane don tsorata masu zaɓe daga Muhammadu Buhari. Sai dai a tuna cewa Buharin ne ya ci zaɓen. Ina faɗin wannan ne don kada mu mai da waɗannan kamfanoni wasu bokaye masu juya zuciyar al'umma yadda suka ga dama. Su ma 'yan kasuwa ne, suna zuzuta hajarsu don su ci kuɗin ɗan siyasa. Ɓarnar da suke yi ba lallai ta sauya wanda ya ci zaɓe ba, amma tana barin maƙwabta da gabar da za ta daɗe bayan an rantsar da wanda ya ci.

Yanzu ga sabon babi, wanda ni a ganina ya fi shafarmu fiye da Turawa: murya. Mu al'ummar kunne ce. Da rediyo muka tashi, kuma ko a WhatsApp, dattijo da 'yar ƙauye da ɗan kasuwar da karatun boko bai yi nisa ba duk saƙon murya suke turawa. Idan aka ce wane ya faɗi kaza, hujjarmu ta ƙarshe ita ce, "Ni na ji da kunnena, muryarsa ce." To yau, da ɗan guntun maganar mutum da aka ɗauko daga wata tsohuwar hira, ana iya sa na'ura ta faɗi duk abin da aka rubuta mata da muryarsa, har da numfashinsa da yadda yake jan harafi.

A watan Janairun 2024, a jihar New Hampshire ta Amurka, dubban mutane sun amsa waya suka ji muryar Shugaba Joe Biden yana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani. Wanda ya haɗa muryar wani mai wasan rufa-ido ne, ya ce aikin bai kai minti 20 ba, kuɗin da ya kashe kuma dala 1. Hukumar sadarwar ƙasar ta ci mai ba 'yan siyasa shawarar da ya ba shi aikin tarar dala miliyan 6. A Sulobakiya, a watan Satumban 2023, kwana biyu kafin zaɓe, aka saki wani sauti na bogi da aka ji shugaban wata babbar jam'iyya, Michal Simecka, yana tsara sayen ƙuri'u da wata 'yar jarida. A lura da lokacin da aka zaɓa: sa'o'in da doka ta hana kamfen, lokacin da kafafen labarai ke taka-tsantsan da zancen zaɓe, don haka ƙaryar ta samu fili ita kaɗai. A Sudan, ana tsakiyar yaƙi a 2023, wani shafi a TikTok ya riƙa sakin sautuka da muryar tsohon shugaban ƙasar, Umar al-Bashir, dubban ɗaruruwan mutane suka saurara kafin a gano ƙirƙira ce. A 2025 kuma aka haɗa bidiyon sama da rabin awa na Fafaroma Leo na 14 yana yabon Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso, sai da fadar Batikan ta fito ta ƙaryata. Bidiyoyin Traore irin waɗannan, na mawaƙan Amurka suna rera masa waƙa da na gine-ginen wasu ƙasashe da ake cewa shi ya yi, sun zagaya wayoyinmu a Najeriya da Nijar, kuma mutane masu hankali sun tura su. Kana iya son Traore ko ka ƙi shi, wannan ra'ayinka ne, amma a kan abin da ya aikata da gaske ya kamata ka gina shi.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Yanzu ga shi ganin ma ya zama abin tuhuma. Kuma wannan ya haifar da wata ɓarna ta biyu da ba a cika magana a kanta ba, wadda ɓarawo ya fi kowa cin moriyarta. Da zarar kowa ya san ana iya ƙirƙirar murya da hoto, to duk wanda aka kama dumu-dumu yana karɓar cin hanci ko yana ƙulla maguɗi ya samu mafita: "AI ce, ba ni ba ne." Magoya bayansa su karɓa, magana ta mutu. A Gabon, jawabin sabuwar shekara da Shugaba Ali Bongo ya yi a ƙarshen 2018 bayan doguwar jinya ya sa mutane da yawa sun ce ba shi ba ne, haɗi ne, kuma mako guda bayan haka wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Mu nan ma, ba tare da wata na'ura ba, an yi ta yaɗa cewa Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan, har sai da shugaban ƙasa ya tsaya a Polan a watan Disambar 2018 yana tabbatar wa mutane cewa shi ne shi. Idan an iya wannan da baki kawai, ina ga an samu kayan aiki?

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. WhatsApp ba shi da lissafin da ke zaɓar maka saƙon da za ka gani a zauren danginku. Kawunka ne ya turo, kai ka tura. Wani bincike da masana a jami'ar MIT suka wallafa a 2018, bayan sun bi labarai dubu 126 a Twitter, ya nuna cewa ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba, kuma mutane ne suka fi yaɗa ta, ba na'urori masu kwaikwayon mutane ba.

To, shin fasahar nan sharri ce zalla? A'a, kuma wanda ya ce haka bai yi adalci ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da tarin fuka a duniya, likitocin da suka ƙware a karanta hoton ƙirji kuwa ba su da yawa, yawancinsu a manyan birane. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar da ke karanta hoton, kuma ana shiga da ita ƙauyuka da unguwanni a motocin gwaji. A ɗauki hoton mutum, cikin ƙanƙanin lokaci manhajar ta nuna ko akwai alamar cuta, a karɓi majinarsa a tabbatar, a ɗora shi a kan magani kafin ya shafa wa iyalinsa. Haka nan hasashen ambaliya: manhajar Google na iya ba da gargaɗi har kwana 7 kafin kogi ya cika, kuma ƙungiyoyin agaji sun gwada tura wa mutane kuɗi a Adamawa da Kogi kafin ruwan ya iso, don su kwashe hatsi da dabbobi. Sai dai hasashe ba ya gyara madatsa. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ta mamaye Maiduguri, ba ƙarancin lissafi ne ya jawo ba, tunda irin haka ta faru a wuri ɗaya a 1994.

Misalin da ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne na Togo. Lokacin annobar korona gwamnatin ƙasar ta kafa shirin tallafi mai suna Novissi, tana son kai kuɗi ga mafi talauci a karkara, amma ba ta da cikakkiyar rajistar da za ta nuna su wane ne. Sai ta haɗa kai da masana daga jami'ar Kalifoniya ta Berkeley da ƙungiyar GiveDirectly. Da hotunan tauraron ɗan'adam aka fara, na'ura na duba irin rufin gidaje da hanyoyi da gonaki, aka fitar da gundumomi 100 da suka fi talauci. Daga nan aka koya mata bambanta mai hali da mara hali ta yadda suke amfani da waya: talaka katin da yake sawa ƙarami ne, kiransa gajere ne, ba ya yawan kiran ƙasar waje, ba ya sayen data sosai. Mutum ya latsa 'yan lambobi a ƙaramar wayarsa, idan ya cancanta kuɗi su shigo masa, babu kansila, babu shugaban jam'iyya na mazaɓa, babu wanda zai ce sai an ba shi kasonsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rabon tallafi a wajenmu, yadda sunayen 'yan gidan masu rabo ke cika takarda, zai ji wannan ya burge shi. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Nature a 2022 ya nuna cewa hanyar ta rage yawan mabuƙatan da ake tsallakewa da kashi 4 zuwa 21 cikin 100 idan aka kwatanta da rabo bisa yanki kawai.

Amma ku yi tunanin tsohuwar da ba ta da waya ko kaɗan, ko matar da wayar gidan ke hannun mijinta. A idon lissafin nan babu su. Ko kuma talakan da ɗansa ke ci-rani a Legas yana yawan kiransa, na'ura ta ɗauke shi mai hali. Masu binciken da kansu sun ce da akwai cikakkiyar rajista ta gaskiya da ta fi wannan hanya. Idan mai unguwa ya cire sunanka daga rabo, ka san gidansa, kana iya zuwa da dattawa, kana iya wucewa wajen dagaci ko hakimi. Idan na'ura ta cire ka, saƙo kawai za ka gani cewa ba ka cancanta ba.

Kuma kada a ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. A Holan, hukumar haraji ta yi amfani da lissafi don gano masu damfarar tallafin renon yara, kuma cikin abubuwan da ke ɗaga makin zargi har da kasancewar mutum yana da takardar zama ɗan wata ƙasa ta biyu. Dubban iyalai, da yawansu baƙi 'yan asalin wasu ƙasashe da 'ya'yansu, aka ce su mai da dubban yuro da ba su ci ba. Aure ya mutu, an rasa gidaje, fiye da yara 1,000 aka raba da iyayensu. Shekara da shekaru suna kuka ana ce musu tsari ne ya nuna. A watan Janairun 2021 gwamnatin Mark Rutte gaba ɗaya ta yi murabus a kan wannan. Ostareliya ta yi irin nata da shirin da aka yi wa laƙabi da Robodebt, inda kwamfuta ta riƙa aika wa talakawa takardar bashin da ba su ci ba. Can dai an samu majalisa da kotu da 'yan jarida da suka tono maganar har aka biya diyya. Mu da muke shirin ɗora rajistar talakawa da bashin ɗalibai da rabon taki a kan kwamfuta da lambar NIN, wa zai tono mana? Mun riga mun ɗanɗana da manhajojin ba da bashi, waɗanda ke yanke hukunci cikin minti biyu, su kwashe lambobin da ke wayarka, ka makara kwana uku su aika wa surukinka da limamin masallacinku cewa kai ɓarawo ne.

Doka ta fara motsi. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma a 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar dala miliyan 220. Tarayyar Turai ta kafa dokar AI da ta fara aiki a watan Agustan 2024. Sai dai ina jin tsoron maganin da gwamnatocinmu suka fi saurin ɗaukowa. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bayan an goge wani rubutun shugaban ƙasa, ƙarya ba ta ragu ba, 'yan kasuwa ne suka yi asara. A Romaniya, kotun tsarin mulki ta soke zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa a watan Disambar 2024 bisa zargin an yi amfani da TikTok ta haramtacciyar hanya wajen ɗaga wani ɗan takara. Ko da hujjarsu ta yi ƙarfi, ku auna wannan makami a hannun mai mulkin da ya ga zai faɗi zaɓe a nahiyarmu. Dokar da za a ce an yi don kama mai ƙarya, sau da yawa ɗan jarida da matashin da ya soki gwamna take fara kamawa.

Abin da ya kamata a nema ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi shi wahalar kaucewa. Duk kamfanin da ke cin kuɗi da harshen Hausa ya faɗi adadin masu jin Hausa da ya ɗauka aikin tacewa, ya kuma buɗe ofishin da za a kai ƙorafi. Masananmu a Jami'ar Bayero da sauran wurare, da ƙungiyoyi irin su HausaNLP da Masakhane, sun riga sun fara tattara rubutun Hausa suna koya wa na'ura gane kalaman ƙiyayya, a tallafa musu maimakon jiran wani daga Kalifoniya. Duk hukumar gwamnati da za ta sa kwamfuta ta zaɓi wanda zai samu tallafi ko bashi, ta sanar da ma'aunin da ta yi amfani da shi, ta kuma ajiye ɗan'adam mai suna da ofis a kowace ƙaramar hukuma wanda ke da ikon gyara kuskure. Hukumar zaɓe ta INEC ta sa jam'iyyu su sa hannu, kafin 2027, cewa ba za su yi amfani da muryar bogi ba, kuma duk tallan siyasa a intanet a rubuta sunan wanda ya biya.

Malamanmu da limamai da fastoci, kuna da mumbari, kuma umarnin a binciki labari kafin a yi aiki da shi yana nan a Suratul Hujurat tun kafin a ƙera waya. Ku tunatar, ku kuma fara da shafukan da ke ɗauke da sunayenku. Kai kuma mai saurare, a daren jajibirin zaɓe za a turo maka wata murya, ta ɗan takara ko ta wani babban malami, tana faɗin abin da zai sa jininka ya tafasa, a ƙasa an rubuta a yaɗa don Allah. Ka tambayi wanda ya turo a ina aka yi maganar, wace rana, wace tasha ce ta ɗauka. Idan bai da amsa, ka bar ta ta kwana a wayarka.